Tsarin Raya Ƙasa Ko Jerin Buri? Darasi Daga Jiragen Siminti

Na shafe shekaru goma sha ɗaya ina aiki a sashen tsare-tsare na wata gwamnatin jiha kafin na ajiye aiki, kuma har yau idan watan Satumba ya kama nakan tuna da tulin takardun da kan cika mini tebur. A irin wannan lokaci ne kowace ma'aikata kan aiko da buƙatunta na shekara mai zuwa. Ma'aikatar lafiya ta nemi a gina mata asibitoci, ta ayyuka ta nemi hanyoyi da gadoji, ta ruwa ta nemi rijiyoyin burtsatse, ta ilimi kuma ta kawo nata. Idan muka tara jimilla sai mu tarar ta ninka abin da jihar ke samu har sau uku. Daga nan sai umarni ya sauko daga sama cewa a zaftare kashi kaza daga kowa, ba tare da duba abin da ya dogara da wani ba. Sai mu buga, mu yi wa littafin bango mai ƙyalli, mu sa masa suna tsari.

Abin da kan biyo baya kowa ya san shi. Na taɓa ziyartar wani ƙaramin asibiti da muka gina, na tarar da akuyoyi sun mayar da barandarsa makwanci, domin kuɗin ɗaukar ma'aikatan jinya na cikin abin da muka zaftare, hanyar da za ta kai ga ƙauyen kuma tana cikin kasafin wata ma'aikatar da ita ma aka rage mata. Babu wanda ya saci ko sisi a wannan aiki, amma dukiyar ta salwanta kamar an sace ta. Tun daga ranar na fara tambayar kaina ko akwai wata hanya da ta fi wannan. Akwai ta kuwa, ta kuma haura shekara tamanin a duniya.

Turawan Ingila ne suka raɗa wa wannan fanni suna, abin da za a iya fassarawa da binciken gudanar da ayyuka. Ni dai nakan kira shi lissafin zaɓi, domin aikinsa ke nan: idan abin hannunka kaɗan ne, buƙatu kuma da yawa, wace hanya ce za ta fi ba ka riba? An haife shi ne a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta tara masana kimiyya don su duba yadda za a fi cin moriyar na'urar hango jiragen sama. Ɗaya daga cikinsu, Patrick Blackett, shi da mutanensa suka nuna da alƙaluma cewa idan jiragen ruwa masu ɗaukar kaya suka yi tafiya cikin babban ayari, kason da jiragen yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku ke nutsarwa ya fi ƙanƙanta a kan idan aka rarraba su ƙananan ayari. Fatakenmu na dā da ke bin hanyar Gwanja ba za su yi mamakin wannan ba, sai dai su ba su rubuta shi a takarda ba.

A can Tarayyar Sobiyet kuwa, a shekarar 1939, wani matashin malamin lissafi a Leningrad mai suna Leonid Kantorovich ya karɓi wata tambaya daga masana'antar sarrafa katako: ga injuna iri-iri, ga katako iri-iri, wane inji za a ba wane aiki don a sami mafi yawan kaya? Amsar da ya samo ta zama tushen wani sabon reshen lissafi. A 1947 George Dantzig, wanda ke yi wa rundunar sojan saman Amurka aiki, ya ƙirƙiro dabarar warware irin wannan lissafi komai yawan abubuwan da ke cikinsa. A 1975 aka ba Kantorovich da Tjalling Koopmans kyautar Nobel ta tattalin arziki saboda wannan aiki. Shekaru biyu kafin nan Wassily Leontief ya karɓi tasa, saboda jadawalin da ya tsara wanda ke nuna abin da kowane sashe na tattalin arziki ke saye daga sauran sassa da abin da yake sayar musu, ta yadda idan ka ce za ka ninka gine-gine, jadawalin zai gaya maka yawan ƙarfe da siminti da wutar lantarki da motocin dakon da za ka buƙata.

Kada mai karatu ya tsorata da waɗannan sunaye. Bari in kawo misali da gona, alƙaluman kuma na misali ne kawai. A ce manomi yana da hekta 10 da buhun taki 30. Hektar masara na cin buhu 5, ta bar masa ribar naira dubu 500. Hektar gero na cin buhu 1, ta bar masa dubu 200. Idan kwaɗayi ya ja shi ya zuba takinsa duka a masara, hekta 6 kaɗai zai noma, huɗu su kwana saura, ya tashi da naira miliyan 3. Idan ya shuka gero zalla, miliyan 2 zai samu, taki kuma ya yi kwantai. Amma idan ya raba gonar biyu, hekta 5 masara, hekta 5 gero, zai cinye ƙasar da takin baki ɗaya, ya tashi da miliyan 3 da rabi. Babu wani rabo da ya fi wannan.

Wannan amsa tana da kyau, amma abin da ya fi ta daraja shi ne abin da lissafin ke faɗa a bayanta. Yana gaya wa manomin cewa ƙarin buhu ɗaya na taki zai ƙara masa naira dubu 75, ƙarin hekta ɗaya kuma dubu 125. Masana na kiran wannan ɓoyayyen farashi, wato ainihin darajar abu a wurin mai shi, ba kuɗinsa a kasuwa ba. Da wannan ne zai san ko ya ci bashi ya ƙaro taki, ko ya yi aron gona. Lissafin zai kuma faɗa masa cewa da zarar takinsa ya kai buhu 50, buhu na 51 ba zai ƙara masa ko kwabo ba, domin a lokacin ƙasa ce ta zama matsalarsa. To, ƙasa mai tasowa ma manomi ce babba. Tana da ƙarancin kuɗin waje, da ƙarancin injiniyoyi, da ƙarancin wuta, da ƙarancin ruwa, da tashar jiragen ruwa mai iyaka. Aikin mai tsari na farko shi ne ya gano wanne daga cikin waɗannan ne igiyar da ta ɗaure sauran.

Mu a Najeriya mun biya kuɗin makarantar wannan darasi da tsada. A watan Maris na 1975 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙaddamar da Tsarin Raya Ƙasa na Uku, na naira biliyan 30, daga baya aka ɗaga shi zuwa biliyan 43. Kuɗin mai na kwarara, kowace ma'aikata na son gini, kowane gini kuma na son siminti. Kamar yadda bayanai suka fito daga baya a shari'un da aka yi a kotunan Amurka, Najeriya ta ƙulla kwangila 109 da kamfanoni 68, ta sayi siminti fiye da tan miliyan 16, na kusan dala biliyan ɗaya. Tashar jiragen ruwa ta Legas kuwa a lokacin ba ta iya sauke abin da ya wuce kimanin tan miliyan ɗaya na siminti a shekara. Yaron firamare da ya iya rabawa zai gaya maka cewa aikin shekara goma sha shida ne aka ce a yi cikin shekara guda.

Kafin watan Yuli na wannan shekara ya ƙare, jirage fiye da 400 sun yi cirko-cirko a bakin tekun Legas, kimanin 260 daga cikinsu ɗauke da siminti. Kowane jirgi ana biyansa kuɗin jira a kullum. Raɓar teku ta sa simintin ya daskare a cikin wasu jiragen. Abinci da magani da kayan gyaran injuna duk suka maƙale a bayan layi, har 'yan kasuwar Kano da Kaduna suka ji a jikinsu. Sai da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta dakatar da shigowar jiragen, aka kuma hanzarta gina tashar Tin Can da aka buɗe a 1977, shari'u kuwa suka ɗauki shekaru a Landan da New York. Ba na musun cewa akwai haɗama da cuwa-cuwa a cikin wannan badaƙala. Amma ko da waliyyai ne suka sa hannu a kwangilolin, da jiragen sun tsaya, domin babu ofishi ɗaya da ya tara jimillar odar ya auna ta da ƙarfin tashar. A shekarar 1975 ɓoyayyen farashin matsayar jirgi ɗaya a Apapa ya fi na duk wani gini da ke cikin littafin tsarin, amma ba wanda ya lissafa.

Wasu ƙasashe masu tasowa sun gwada shigar da lissafi cikin tsarinsu tun da wuri. Indiya ce kan gaba. Prasanta Mahalanobis, wanda ya kafa Cibiyar Ƙididdiga ta Indiya a 1931, shi ne ya zana ƙashin bayan Tsarin Shekara Biyar na Biyu, daga 1956 zuwa 1961. Lissafinsa ya nuna cewa idan aka karkatar da jari zuwa ga masana'antun da ke ƙera injuna da ƙarfe, za a sha wuya da farko amma a more daga baya. A kan haka aka gina masana'antun ƙarfe na Bhilai da Rourkela da Durgapur, waɗanda suka zama ginshiƙin masana'antun Indiya, abin da Ajaokuta ɗinmu ba ta zame mana ba. Sai dai lissafin bai ba kuɗin waje da abinci nauyin da ya kamata ba. Tsarin bai yi shekara biyu ba asusun Indiya na kuɗin waje ya fara ƙafewa, a tsakiyar shekarun 1960 kuma sai da alkamar Amurka ta cece ta daga yunwa. Darasin a nan shi ne lissafi ba ya ganin igiyar da ba a nuna masa ba.

Akwai kuma wani darasin daga ƙasar Kantorovich kansa. Kusan shekara ashirin aka yi watsi da aikinsa, domin maganar farashi na kama da jari-hujja a kunnen masu mulki. Ko bayan da aka karrama shi da lambar Lenin a 1965, dabarunsa ba su ceci tattalin arzikin Sobiyet ba. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne manajan masana'anta ya san idan ya faɗi gaskiyar abin da zai iya ƙerawa za a ƙara masa kaya baɗi, don haka sai ya ɓoye. Alƙaluman ƙarya suka riƙa hawa sama, umarnin da aka gina a kansu ya riƙa saukowa ƙasa. Saboda haka duk mai mafarkin cewa wata babbar kwamfuta a Abuja za ta tsara wa mutum fiye da miliyan 200 abin da za su noma da abin da za su ƙera, to ya farka. Ba wannan nake kira gare shi ba.

Maganar alƙaluma ta kawo mu gida. Wolfgang Stolper, malamin tattalin arziki daga Jami'ar Michigan, yana cikin waɗanda suka rubuta Tsarin Raya Ƙasa na Farko, na 1962 zuwa 1968. Da ya koma gida sai ya wallafa littafi a 1966 wanda sunansa ke nufin yin tsari ba tare da sanin haƙiƙanin abubuwa ba. Shekaru kusan sittin bayan haka sunan littafin bai tsufa ba. Ƙidayar 1962 an soke ta, ta 1973 ma haka, wadda aka yi a 2006 ta ba da mutum miliyan 140, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. A watan Afrilun 2014, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta ma'aunin da take lissafa arzikin ƙasa da shi daga shekarar 1990 zuwa 2010, sai aka wayi gari tattalin arzikinmu ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa biliyan 510. Wato duk wanda ya yi tsari kafin wannan rana yana ɗinka riga ne ga mutumin da bai san rabin girmansa ba.

Wasu abokan aikina kan fake da wannan su ce tunda babu alƙaluma, lissafi ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. Shawarar Stolper ita ce idan iliminka kaɗan ne, to ka taƙaita burinka, ka auna kowane aiki da abin da zai ci da abin da zai dawo da shi, kada kuma ka manta da kuɗin tafiyar da shi bayan an yanke ƙyallen buɗewa. Bugu da ƙari, shi kansa lissafin zaɓi yana nuna maka wane adadi ne ya cancanci a kashe kuɗi a binciko shi. Idan ka sauya wani adadi amsar ba ta motsa ba, ka ƙyale shi. Idan ka taɓa wani kaɗan amsar ta juye, to nan ne za ka tura ma'aikatan ƙididdiga. Kuma inda wannan ilimi ya fi cin nasara a ƙasashe masu tasowa shi ne inda aka ba shi matsala guda ɗaya mai iyaka, wadda ake iya ƙirga abin da ke cikinta.

Ga misali daga ƙasar Chile. Hukumar da ke ciyar da 'yan makaranta a can tana raba abinci ga yara fiye da miliyan ɗaya a kullum ta hannun 'yan kwangila. Daga 1997 malaman Jami'ar Chile suka tsara mata sabuwar hanyar ba da kwangila: kowane kamfani na iya neman yankuna da dama a dunƙule, ya faɗi farashinsa, sannan kwamfuta ta zaɓo haɗin tayin da ya fi araha daga cikin dubban tayi, bisa sharuɗɗan da kowa ya sani tun farko, ciki har da hana kamfani ɗaya mamaye ƙasar. Masu aikin sun ƙiyasta cewa ana rage kimanin dala miliyan 40 a shekara, kuɗin da zai ciyar da yara dubu 300. Abin lura shi ne hanyar ta toshe ƙofar raɗa a kunne, domin ana iya sake lissafin a gaban kowa. Pakistan ma, tare da Bankin Duniya, ta gina irin wannan lissafi a kan kogin Indus tun wajajen ƙarshen shekarun 1970, don auna amfanin madatsai da magudanai da rijiyoyi kafin a zuba kuɗi.

Wannan na Pakistan ya fi taɓa ni, domin muna da irin matsalar a ƙofar gida. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ruwan da suke tarewa shi ne ke shayar da birnin Kano da gonakin noman rani na Kura da Kadawa, shi ne kuma a da yake malala fadamun Haɗeja da Nguru, ya gangara Gashuwa da Geidam, ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa har tafkin Chadi. Kowace ɗigo da aka riƙe a sama, an hana ta mai shinkafa da masunci da makiyayi a ƙasa. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa ribar noman ranin da ake samu a sama ba ta rufe asarar da fadamun ke yi ba. Sauya yanayin gudun ruwan kuma ya taimaka wa ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa. Yaushe za a saki ruwa, nawa za a saka, wa zai samu? Wannan tambaya ce irin ta manominmu mai hekta 10, ga ta kuma da iyaka, ga ma'aunan ruwa, ga jami'o'i a Kano da Dutse da Gashuwa da Zariya masu malaman da za su iya aikin.

Na san abin da ɗan siyasa zai ce, domin an sha faɗa mini. Zai ce mulki ba lissafi ba ne, akwai adalci tsakanin yankuna, akwai alƙawarin da aka ɗauka wa jama'a. Gaskiya ne, kuma lissafi ba ya zaɓar wa al'umma burinta. Idan muka yanke shawarar cewa kowace ƙaramar hukuma sai ta sami asibiti ko da mutanenta kaɗan ne, wannan haƙƙin zaɓaɓɓun wakilai ne, sai a shigar da shi cikin lissafin a matsayin sharaɗi. Abin da kawai zai ƙaru shi ne za a san kuɗin wannan shawara, a san yara nawa ne a wani wuri za su rasa gado saboda ita. Ina zargin cewa wannan sanin ne ba a so. Jerin buri yana faranta wa kowa rai domin ba ya cewa kowa a'a. Shi ya sa muka wuce ta kan Hangen 2010, da shirin NEEDS na 2004, da Hangen 20:2020, da tsarin 2021 zuwa 2025 mai naira tiriliyan 348, kowanne da kyakkyawan bango.

Shawarata ga gwamnoninmu da kwamishinoninsu ba ta da tsada. Da farko, kowace ma'aikatar tsare-tsare ta kafa ƙaramin sashe na mutum biyar ko shida, masu lissafi da ƙididdiga da injiniya, a kuma tsare su daga canjin wurin aiki na kowace shekara. Na biyu, a ba su matsala guda a lokaci guda: rabon taki daga rumbu zuwa mazaɓu kafin ruwan shuka, ko wuraren da ya kamata a ajiye motocin ɗaukar marasa lafiya, ko tura malamai makarantu, ko jerin hanyoyin da za a fara gyarawa. Na uku, kada majalisar zartarwa ta karɓi takardar wani aiki sai an rubuta a jikinta abin da ya dogara da shi, da kuɗin tafiyar da shi na shekara biyar, da aikin da za a bari saboda shi. Na huɗu, a wallafa lissafin, domin ɗan jarida da malamin jami'a su iya bin sawu. Kayan aikin ba su ne matsala ba. Kwamfutar da ke kan teburin kowane darakta a yau ta fi ƙarfin duk abin da Dantzig da Mahalanobis suka taɓa gani a zamanin da suka yi aikinsu.

Mu da muka yi boko muna da namu laifin a cikin wannan. Mu ne muka buga takardun, mu ne muka tara jimillar, mu ne muka zaftare kashi kaza daga kowa muka yi shiru. Na sa hannu a kan kasafin da ya haifi asibitin akuyoyin nan, kuma na san tambayar da ya kamata in yi ban yi ba. Ga wanda ke zaune a kujerar da na bari, idan Satumba ta zo takardu suka cika maka tebur, kafin ka ɗauki na'urar tarawa ka tambayi kowace ma'aikata abu ɗaya: idan an ba ku wannan, ta wace tasha za a sauke shi?